Kulle NIN da lambar waya a cikin fayil ɗin XML da fasuwod: amsa ga mai manhajar makaranta

Tambayar da ɗan'uwa ya turo ita ce: "Na rubuta wata 'yar manhaja da C# wa wata makaranta, tana ajiye bayanan ɗalibai a fayil ɗin XML, a ciki akwai NIN da lambar wayar iyaye. Ina so in ɓoye waɗannan biyun da fasuwod, sunan ɗalibi da aji kuma a bar su a buɗe. Na fara da Base64 aka ce min ba tsaro ba ne, sai na kwafo wani kod na AES a intanet, yana aiki amma wani lokaci sai ya ce Padding is invalid and cannot be removed. Ya zan yi?"

Toh malam, wanda ya ce maka Base64 ba tsaro ba ne ya faɗa maka gaskiya. Base64 zaurance ne kawai, duk wanda ya san ƙa'idar zai ji abin da kake faɗa, kuma ƙa'idar kowa ya san ta, ko a buraoza mutum zai liƙa rubutun ya ga NIN ɗin tas. Amfaninsa ɗaya ne a wannan aikin, shi ne bayan ka riga ka kulle bayanin ya zama tarkacen bayit, sai ka mayar da shi haruffan da XML zai yarda ya ɗauka. Don haka ba za mu jefar da shi ba, zai dawo a ƙarshe, amma ba shi ne kwaɗon ba.

Kod ɗin da ka kwafo kuwa ban gan shi ba amma ina iya rantsuwa na san irinsa, don kusan iri ɗaya ne ke ta yawo shekara da shekaru. Duba ciki ka gani ko akwai RijndaelManaged, ko PasswordDeriveBytes, ko wani jerin lambobi 13 da suka fara da 0x49, 0x76, 0x61, 0x6e. In ka ga wannan jerin to ka san dubban manhajoji a duniya suna amfani da shi daidai yadda yake, sunan wani mutum ne aka rubuta da lambobi a wani tsohon misali, kowa ya kwafa ba wanda ya canza. Wani irin kuma ya fi wannan muni, za ka ga an ɗauki fasuwod ɗin an ƙara masa sifili ko sarari har ya kai haruffa 16 ko 32 an miƙa wa AES, wato hanyar kulle bayanin, a matsayin makulli. Nan ne kusan kowa ke faɗawa rami, kuma shi ne abin da nake so ka riƙe ko da ka manta duk sauran: fasuwod ba makulli ba ne. Makullin AES-256 bayit 32 ne da ba wanda zai iya hasashensu, fasuwod kuwa abu ne da mutum ya zaɓa don ya iya tunawa, sunan ɗansa da shekarar haihuwa, ko lambar wayarsa. Wanda ya saci fayil ɗinka ba zai tsaya yana faɗa da AES ba, ba mahaukaci ba ne, tun 2001 da Amurka ta amince da shi a hukumance ba wanda ya karya shi a aikace. Zai zauna ne a ɗakinsa da kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi da manhaja irin hashcat yana gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ba wanda zai ce masa ka gwada sau uku an rufe kamar na'urar ATM, fayil ɗin yana hannunsa. In lambar waya ce fasuwod ɗin kuma ta fara da 0803, lambobi 7 ne suka rage, wato gwaji miliyan 10, wannan kafin ya gama shan shayi an gama.

Maganin shi ne a bi da fasuwod ta cikin wata hanya mai jan lokaci da gangan kafin ya zama makulli. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce PBKDF2, tana cikin takardar ƙa'ida RFC 2898 ta shekarar 2000, aka sabunta ta a RFC 8018. Abin da take yi shi ne ta haɗa fasuwod da wasu bayit na daban da ake kira salt, mu ce gishiri, ta niƙa su ta sake niƙawa sau adadin da ka faɗa mata. Kai da kake buɗe fayil sau ɗaya, jinkirin rabin sakan ba zai dame ka ba, amma ɓarawon da ke son gwada miliyoyi kowane gwaji sai ya biya wannan kuɗin. Ƙungiyar tsaron manhajoji ta OWASP ta ba da shawarar zagaye 600,000 in da HMAC-SHA256 ake yi. Yanzu ka kwatanta da tsohon Rfc2898DeriveBytes na .NET wanda in ba ka faɗa masa komai ba zagaye 1000 yake yi da SHA1, shi ya sa ma daga .NET 7 suka fara gargaɗi a kan waɗannan tsofaffin hanyoyin kiransa. Ka yi amfani da Rfc2898DeriveBytes.Pbkdf2 wanda ya zo a .NET 6, ka rubuta masa adadin da SHA256 da hannunka. Argon2id ya fi PBKDF2 kyau gaskiya, Argon2 ne ya ci gasar hanyoyin sarrafa fasuwod da aka kammala a 2015, don shi ban da lokaci har ƙwaƙwalwar kwamfuta yake ci, abin da ke karya lagon masu katin hoto kenan, amma sai ka ɗauko laburare daga waje, kuma ga makaranta mai tsofaffin kwamfutoci ni dai PBKDF2 da adadi mai kyau ya ishe ni.

Gishirin nan ba sirri ba ne, mutane na yawan ruɗewa a nan. Bayit 16 ne da za ka samo daga RandomNumberGenerator, ba daga Random ba, shi Random na wasa ne da zaɓen wanda zai share aji. Kowane fayil da nasa gishirin, kuma a cikin fayil ɗin za ka rubuta shi ƙuru-ƙuru kowa na gani. Aikinsa shi ne ko makarantu biyu sun yi amfani da fasuwod iri ɗaya makullinsu ya bambanta, kuma ɓarawo ba zai iya shirya jadawalin makullai tun kafin ya saci fayil ba. Ka ga ke nan gishirin da aka manna a cikin kod, irin wancan na lambobi 13, bai da wani amfani.

Sai kuma saƙon da yake ba ka haushi. AES yana aiki ne a kan gungun bayit 16-16, a salon CBC in bayaninka bai cika gungu ba sai a cike gurbin da ciko, wato padding, kuma bayit na ƙarshe shi ke faɗin yawan cikon. Lokacin buɗewa in makullin ba daidai ba ne abin da zai fito shirme ne, sai a duba bayit na ƙarshe a ga bai yi kama da ciko ba, sai a jefo maka wancan saƙon. Wato yawanci ma'anarsa makullin da ka buɗe da shi ba shi ka kulle da shi ba, ko an taɓa rubutun da aka kulle, ko IV ɗin, wato bayit 16 da CBC ke fara kullewa da su, ya ɓace a hanya. Tunda ka ce wani lokaci ne yake yi ba kullum ba, ni abu biyu nake zargi. Na farko, ka mayar da bayit ɗin da aka kulle zuwa rubutu da Encoding.UTF8.GetString maimakon Base64, wannan yana lalata duk bayit ɗin da bai dace da UTF-8 ba a shiru, ba zai ce maka komai ba sai ranar buɗewa. Na biyu kuwa namu ne na gida, haruffa masu ƙugiya. In kod ɗin yana da Encoding.ASCII.GetBytes a kan fasuwod, duk ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya suke komawa, ƙasa da ɗasa duk su zama ?asa, makulli ɗaya. In kuma UTF-8 ne to ƙ da k abu biyu ne mabambanta, malamin da ya saita fasuwod a kwamfutar da ke da allon Hausa ya rubuta ƙ, wanda ya zo buɗewa a wata kwamfutar ya rubuta k, kuma kowannensu zai rantse kalma ɗaya suka rubuta. Haka 'y, waya tana son mayar da alamar ta zama mai lanƙwasa, kwamfuta tana ba da miƙaƙƙiya, a Nijar kuma ƴ suke rubutawa harafi guda. Ka tsaya a kan UTF-8 a ko'ina, ka kira Normalize a kan fasuwod ɗin kafin ka yi komai da shi, sannan ka gaya wa mutanenka su guji waɗannan haruffan a fasuwod in za a buɗe a na'urori daban-daban. Ba raina harshe ba ne, gudun ɓacin rana ne.

Wani abin ban tsoro da CBC shi ne ba kullum ma yake yi maka ihu ba. A ƙa'idar kulle XML da za mu zo kanta, wajen ciko bayit na ƙarshe kawai ake dubawa, in ya faɗo tsakanin 1 da 16 an yarda, kenan kusan sau ɗaya cikin 16 fasuwod ɗin ƙarya zai wuce ya ba ka shara a matsayin NIN. In manhajarka ta karɓi sharar nan ta sake ajiyewa a kan fayil ɗin, shi kenan ka binne bayanin da hannunka.

Yanzu bari mu zo kan XML ɗin kansa. Akwai ƙa'ida ta musamman da W3C, masu tsara ƙa'idojin yanar gizo, suka fitar a Disambar 2002 mai suna XML Encryption, aka yi mata sabon zubi 1.1 a 2013. Tunanin mai sauƙi ne, ka ɗauki tag ɗin da kake so ka ɓoye, ka kulle shi, ka cire shi, ka dasa wani tag mai suna EncryptedData a gurbinsa. Misali wannan:

<Dalibi lamba="0147">
 <Suna>Wane</Suna>
 <Aji>JSS2</Aji>
 <NIN>00000000000</NIN>
</Dalibi>

layin NIN zai koma haka:

<EncryptedData xmlns="http://www.w3.org/2001/04/xmlenc#" Type="http://www.w3.org/2001/04/xmlenc#Element">
 <EncryptionMethod Algorithm="http://www.w3.org/2009/xmlenc11#aes256-gcm"/>
 <CipherData><CipherValue>...</CipherValue></CipherData>
</EncryptedData>

Kalmar ƙarshe a Type tana da muhimmanci. In Element ce, tag ɗin gaba ɗaya har sunansa ya shige ciki, mai kallo bai ma san NIN ne a wurin ba. In Content ce, <NIN> da </NIN> suna nan a waje, abin da ke tsakaninsu ne kawai aka kulle. Na farko ya fi ɓoyewa, na biyu ya fi daɗin aiki in akwai wani kod da ke neman tag ɗin da suna ko kuma kana tantance fayil da XSD, wato takardar da ke faɗin tsarin da fayil zai bi. Wannan ƙa'idar ita ce ake amfani da ita a SAML wajen shiga manhajojin kamfanoni, da SOAP na bankuna da makamantansu, kuma in ka taɓa kulle connectionStrings a web.config da aspnet_regiis to EncryptedData ɗin nan ka gani. A Java laburaren Apache Santuario ke yi, a C akwai xmlsec, a .NET kuma ajin EncryptedXml.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. EncryptedXml na .NET salon CBC yake yi, kuma CBC shi kaɗai ba ya gane an taɓa bayani. A 2011 wasu masu bincike biyu na jami'ar Ruhr da ke Bochum a Jamus, Tibor Jager da Juraj Somorovsky, suka nuna cewa in akwai saba da ke karɓar XML a kulle tana ba da amsa daban idan ciko ya lalace da idan XML ɗin ne bai karantu ba, to mutum zai iya ta canza bayit yana turawa yana kallon amsa har ya fito da dukkan bayanin ba tare da ya san makulli ba, kimanin turawa 14 a kan kowane bayit. Sun gwada a kan Apache Axis2 ya yi. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa zubi na 1.1 ya shigo da AES-GCM. Kai fayil ɗinka ba a saba yake ba, don haka wannan harin ba kai tsaye yake kanka ba, amma yau manhaja ce a kwamfuta ɗaya gobe sai mai makaranta ya ce a ɗora ta a intanet, kuma ko ba haka ba kana so ka san in fayil ya lalace a filashi. GCM yana fitar da wani hatimi na bayit 16 tare da abin da ya kulle, lokacin buɗewa in ko bit ɗaya ya canza, ko fasuwod ba daidai ba, ba zai ba ka komai ba sai kuskure. Babu zancen shara ta wuce.

Don haka ni shawarata ka bar EncryptedXml, ka yi amfani da ajin AesGcm wanda ya zo tun .NET Core 3.0, ka gina tag ɗin da kanka, bai fi layi talatin ba. In har yanzu a kan tsohon .NET Framework 4 kake, babu AesGcm a can, sai ka ɗauko Bouncy Castle, ko ka yi CBC sannan ka ɗora HMAC-SHA256 a matsayin hatimi a kan IV da abin da aka kulle da wani makulli daban, ka duba HMAC ɗin kafin ka taɓa buɗewa.

Tsarin aikin ga shi. Lokacin kullewa ka loda fayil da XmlDocument ka sa PreserveWhitespace ya zama true. Ka samo gishiri, ka fitar da makulli daga fasuwod sau ɗaya tak ga fayil ɗin gaba ɗaya, kar ka yi PBKDF2 a kan kowane ɗalibi, ɗalibai 800 sau rabin sakan sau tag biyu ai sama da minti 13 ke nan kana zaune kana jira. Sannan ga kowane tag ka ɗauki OuterXml ɗinsa, ka mayar bayit da UTF-8, ka samo sabon nonce na bayit 12, wato lambar da ba a amfani da ita sau biyu, ka kulle, ka jera nonce a gaba, abin da aka kulle a tsakiya, hatimi a ƙarshe, haka ƙa'idar ta ce a jera su, sai ka yi Base64 ka zuba a CipherValue. Tag ɗin NIN na sama bayit 22 ne, da 12 da 16 sun zama 50, a Base64 haruffa 68, in ka ga tsawon ya bambanta da wannan to akwai abin da ka manta. Buɗewa kuma juyawa ne kawai, ka yanke 12 na gaba da 16 na baya, ka miƙa, ka mayar da rubutun gurbinsa.

Nonce ɗin nan kar ka yi wasa da shi. Shi ma ba sirri ba ne, amma a GCM in ka maimaita nonce ɗaya da makulli ɗaya a kan bayani biyu, mai kallo zai iya haɗa su ya gano bambancin da ke tsakanin bayanan biyu, kuma hatimin ma ya zama ana iya ƙirƙirarsa. NIN lambobi ne zalla masu tsawo ɗaya a cikin tag iri ɗaya, in ya san na ɗalibi ɗaya ya san na kowa. Duk lokacin da za ka kulle, ko gyara ɗaya aka yi aka sake ajiyewa, sabon nonce.

A saman fayil ka ajiye wani tag naka mai ɗauke da gishiri, adadin zagaye, sunan hanyar da ka bi, da lambar zubi. Zubi 1.1 na ƙa'idar W3C yana da tag ɗinsa na wannan, DerivedKey, da wurin rubuta Salt da IterationCount, in kana son wata manhaja ta daban ta iya karanta fayil ɗinka to shi za ka bi, in kuma manhajarka ce kaɗai mai buɗewa tag ɗinka ya wadatar. Kar ka manna adadin zagaye a cikin kod kawai, nan da shekara biyar 600,000 zai yi kaɗan za ka so ka ƙara, kuma dole tsofaffin fayiloli su ci gaba da buɗuwa.

Akwai wata dabara da nake so ka ƙara tun yanzu don ranar da za a sallami wani ma'aikaci a ce a canza fasuwod. Maimakon ka kulle bayanan da makullin da ya fito daga fasuwod, ka samo makulli na bayit 32 daga RandomNumberGenerator, shi za ka kulle tag-tag da shi, sannan shi kansa ka kulle shi da na fasuwod ka ajiye a saman fayil, a ƙa'idar sunansa EncryptedKey. Canza fasuwod sai ya zama sake kulle bayit 32 kawai. Kuma za ka iya kulle wannan makullin sau biyu da fasuwod biyu, ɗaya na mai shigar da bayanai, ɗaya na shugaban makaranta a rubuce a takarda a cikin ambulan a kulle a durowa. Don wallahi in an manta fasuwod babu wata ƙofar baya, ba ni ba, ba Microsoft ba, kuma za a manta, bayan dogon hutu ake mantawa. Amma ka lura, in kana zargin wanda aka sallama ya riga ya kwafi fayil ko makullin ciki, canza fasuwod bai isa ba, sai an sake makullin ciki an sake kulle komai.

Ga wani rami da ba kasafai ake faɗa ba. Hatimin GCM yana kare kowane EncryptedData shi kaɗai, bai san a ina yake zaune ba. Mutum zai buɗe fayil a Notepad ya yanko kullallen NIN na ɗalibi 0147 ya liƙa a ƙarƙashin 0152, kuma zai buɗu lafiya lau ba kuskure. AesGcm yana karɓar wani abu da ake kira associatedData, bayanin da ba a ɓoye shi amma yana shiga lissafin hatimi, ka ba shi lambar ɗalibi da sunan tag ɗin, in an matsar da shi wani wuri ba zai buɗu ba. Sai dai in ka yi haka ka ɗan fita daga ƙa'idar W3C, wata manhajar ba za ta iya buɗewa ba, in kana son zama cikin ƙa'ida sai ka sa lambar ɗalibin a cikin abin da kake kullewa ka duba ta bayan buɗewa. Tsawo ma yana tona asiri, NIN duk 11 ne ba matsala, amma ranar da za ka kulle tag mai amsa biyu kacal, kamar mace da namiji ko sakamakon wani gwajin asibiti, tsawon CipherValue zai faɗi amsar, sai ka cike su su kai tsawo ɗaya kafin kullewa. Kuma abin da ya fito bayan buɗewa XML ne da za a sake karantawa, ka sa DtdProcessing a kan Prohibit, XmlResolver kuma null.

Sai tambayar da ya kamata a ce na fara yi maka, wai dole ne ma sai tag-tag? Kai ka ce kana son suna da aji su zauna a buɗe don malamai su yi aiki ba fasuwod, to wannan dalili ne karɓaɓɓe. Amma ka sani sunan yaro da ajinsa da makarantarsa su ma bayanan mutum ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023, ballantana na ƙananan yara. In fayil ɗin zai bar kwamfutar, a filashi ko ta WhatsApp zuwa wani reshe, ni gaba ɗayansa zan kulle, ko da 7-Zip ne da AES-256, ka zaɓi tsarin 7z ka danna wurin ɓoye sunayen fayil, ba tsohon ZipCrypto ba. KeePass, manhajar ajiye fasuwod, haka yake yi, abin da ke cikin fayil ɗinsa XML ne amma duka a kulle, sabon tsarinsa na KDBX 4 ma yana iya amfani da Argon2. Fayil ɗin Word da Excel su ma XML ne a cikin zif, in ka sa fasuwod na buɗewa dukkan ƙunshin ake kullewa da AES. Wanda ba kullewa ba shi ne Protect Sheet na Excel, wannan tag ɗaya ne mai suna sheetProtection, ka mayar da sunan fayil zif ka goge layin an wuce wurin, na faɗi ne don na sha ganin ofisoshi sun dogara da shi wajen ɓoye albashi.

In kuma rassa da yawa ne ke turo bayanai zuwa hedikwata, fasuwod ɗaya a hannun mutum goma sha ba sirri ba ne kuma. A nan makulli mai fuska biyu ya fi, RSA da OAEP, kowane reshe yana da na kullewa kawai, na buɗewa yana hedikwata. Duk wanda ya yi aikin tattara bayanai da ODK ko KoboToolbox a ƙungiyoyin agaji ya san wannan, amsoshin fom ɗin XML ne, ana sa makullin jama'a, wato na kullewa, a cikin fom, da zarar mai tattarawa ya kammala fom ko shi ba zai iya sake buɗewa a wayarsa ba.

Abu na ƙarshe da zai iya rusa duk wannan wahalar shi ne inda fasuwod ɗin yake zama. In ka rubuta shi a cikin kod, manhajar .NET ana buɗe cikinta da ILSpy cikin minti ɗaya a karanta shi kamar jarida. Mutum ne zai rubuta shi duk lokacin da za a buɗe, in kuma dole manhaja ta tuna to ka ba Windows ajiya ta hanyar ProtectedData, amma ka san wannan yana ɗaure ne da asusun mai amfani ko kwamfutar, in an yi mata fomat ya tafi. Fasuwod ɗin kuma ya zama kalmomi biyar ko shida da ba su da alaƙa da juna, waɗanda aka zaɓa da ƙuri'a ba da kai ba, ba karin magana ba, ba aya ba, ba sunan makaranta da 2024 ba.

Fayilolin da ka riga ka kulle da tsohon kod kar ka goge kod ɗin tukuna, ka bar shi a matsayin mai karanta zubi na 1 na fayilolinka kawai, duk fayil ɗin da ya buɗu sai a sake ajiye shi a zubi na 2. Lokacin ajiyewa ka rubuta a sabon fayil, ka gwada buɗe shi a cikin manhajar, sai in ya buɗu sannan ka maye gurbin tsohon da File.Replace, saboda wutar NEPA ba ta sallama kafin ta tafi, in ta ɗauke kana tsakiyar rubutu a kan fayil ɗaya tilo ka rasa duka biyun. Sannan ka bi sawun kwafin da ke buɗe, wanda ke cikin Downloads, wanda aka tura ta WhatsApp wancan zangon, wanda ke cikin tarihin Git in ka taɓa ɗora fayil ɗin gwaji mai bayanan gaske, da duk inda manhajarka ke rubuta log, don sau da yawa a can za ka tarar da NIN ɗin kwance tun ranar da kake neman wani kuskure ka manta ba ka cire layin ba.